Inda kunyoyi suke haɗewa

Jiya 'yata ta nuna min akwatin da ta zana, duk ya karkace, sai kakana ya faɗo min a rai.

Shekarar fari ce, babu takarda, a ƙasa nake koyon zanen akwati da tsinke. Ya leƙo yana taunar goro, ya ce, "Bayan akwatin nan ya yi faɗi. Dubi kunyoyin gona, can nesa haɗewa suke."

Na ruga har ƙarshen gonar, ƙasa tana ƙona min ƙafa. Ba su haɗe ba. Da na waiwayo, sai ga su sun haɗe daidai inda yake tsaye.

"Kaka, wanne ne gaskiya?"

"Duka biyun."

Har yau ban gama ganewa ba. Allah Ya ji ƙansa, Ya sada mu inda babu nisa.