Ranar da Mama ta buga tulu a kan piyanona

A farkon shekarun 1990, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, na sayi abin da ya fi ƙarfin malamin firamare. Piyano ce ta lantarki, irin wadda samari ke kira kibod. Wani ɗan kasuwa Ibo ne ya kawo ta daga Legas cikin kayan gwanjo. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa, kuma da ita ya cika mini kunne har na ɗauka.

Ban taɓa yin nadama ba. Baƙa ce, tana da nauyi kamar buhun citta, fentin gefenta ya koɗe a inda tsohon mai ita yake ɗora hannu. Amma in ka kunna ta, ɗan gilashinta ya kawo koren haske, sai ka tarar da makaɗa cike da ɗaki. Akwai ganga, sarewa, goge, kakaki, har da muryoyin mutane. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta mantuwa. In ka buga ganga ta riƙe, ka ɗora jita a kai ta riƙe, ka ƙara sarewa, sai ta haɗa su duka ta maido maka, ka adana a wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu. Ba ta zo da takardar bayani ba, da latse-latse na koye ta. Sau biyu ina goge aikin mako guda da yatsana, amma laifina ne, ita abin da na ce ta yi shi ta yi.

A lokacin Mama, mahaifiyata, tana zaune tare da mu. Tun ina yaro ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta ekklesiyarmu. Tulun ƙasa ne babba, ana dukan bakinsa da tafin hannu ya ba da amo mai zurfi, kuma a kansa sauran kayan kiɗa da ƙafafun mata suke tafiya. A shekarar nan sanyin ƙashi ya kama ta, wuyan hannunta ya kumbura har ba ta iya tuƙa tuwo. Ga babban taron zumunta na gunduma ya matso, a Zonkwa za a yi, inda matan kowace ekklesiya ke fitowa su yi waƙa. Shugabar zumunta ta zo gida da ladabi, ta ce ko a bai wa wata matashiya tulun kafin Mama ta samu sauƙi. Mama ta ce ba komai. Daga ranar ta daina zuwa koyon waƙa, ta daina yi wa jikokinta tsiya, ta zama baƙuwa a tsakar gida. Abin ya dame ni ƙwarai.

Ni kuwa da ƙaramin sani, wanda aka ce ƙuƙumi ne, na bugi ƙirji na ce piyanona za ta yi aikin. Na nemo wata ganga a cikinta, na yi ta sauke muryarta ina rage mata kaifi, har ta koma tulu sak. Kiɗan Mama kuwa a kaina yake, da shi aka goye ni. Na buga, ta riƙe. Sannan na danna wani maɓalli da nake alfahari da shi, wanda ke gyara kowane bugu ya ajiye shi daidai a wurinsa, ba gaba ba baya. Na ɗauka na yi wa Mama gata.

Ranar Alhamis da yamma na lallaɓa ta muka je coci, na haɗa lasifika, na kunna. Baitin farko ya tafi lafiya, har na fara ɗaga kafaɗa. A na biyu mai ba da waƙa ta ja numfashi, ta ɗan riƙe kalma kamar yadda ta saba, piyano ta wuce ta bar ta. A na uku jini ya ɗumama, mata suka ƙara wuta, suka wuce suka bar piyano. Mai caki ta tsaya, masu rawa suka yi cirko-cirko. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Malam, sannu da ƙoƙari," in ji shugaba, tana danne dariya.

Mama ba ta danne komai ba. "Wannan ba hannuna ba ne," ta ce. "Wannan soja ne yana fareti. Mace yana waƙa, kai kana bin bakinshi, kana bin ƙafanshi. In ya gaji ka jira shi. Abin naka yana jira mutum?"

Na ce ba ya jira. Shekara da shekaru ina jin kiɗan nan, ban taɓa lura cewa tulu ne ke bin mata ba, na ɗauka su ke bin sa.

Da safe ina shirin makaranta ta shigo ɗakina, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya a kan piyano tana harararta.

"Ina ne tulun yake zama a nan?"

Na nuna mata maɓallai biyu a hagu, ɗaya mai zurfi, ɗaya mai sama-sama. Ta taɓa ɗaya a hankali, ya amsa a hankali. Ta ɗan danna da ƙarfi, ya yi gurnani. Ta ɗago ta dube ni.

"Yana jin hannu?"

Yana ji kuwa. Wanda ya ƙera piyanon nan, ko a wace ƙasa yake, Allah ya saka masa. Ya yi ta yadda za ta bambance taɓawa da dannawa, kuma ƙarfin da take nema bai wuce na tsinke ganyen yakuwa ba. Na kashe gyaran nan nawa, na kashe kakaki da goge da duk tarkacen da na ɗora, na bar mata tulu kaɗai. Na dawo daga makaranta na same ta a wurin, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, yatsu biyu suna aiki.

Ranar taro muka cika ƙaramar bas zuwa Zonkwa, piyano naɗe da bargo a kan cinyoyin mutum uku. Da aka kira ekklesiyarmu, aka ga tsohuwa da zanen zumunta ta zauna bayan kibod, sai wurin ya ɗauki surutu, wasu har da tashi tsaye. Ta sa matashiyar nan ta zauna kusa da ita da tulun gaske, ta ce ta bi ta a hankali. Ni aikina riƙe waya kada a taka.

Mai ba da waƙa ta ɗauka, Mama ta shigo bayanta. Inda ta ja numfashi tulu ya jira ta, inda mata suka sunkuya ya sunkuya da su, a baiti na uku ya kama wuta. Matan wasu ekklesiyoyi suka baro kujerunsu suka shiga rawa, aka maimaita waƙar har sau uku. Akwatin da ke da muryoyi fiye da ɗari, ranar nan maɓalli biyu kawai ya yi aiki da su, kuma ban taɓa jin ya yi daɗi haka ba. Na yi alfahari da shi, na fi yin alfahari da ita.

A hanyar dawowa mata suna ta hira da shewa, ita kuwa ta ajiye hannuwanta a cinya tana juya su.

"Yau bai yi zafi ba," ta ce.

Na ce ai dama tun watannin nan da suka kumbura ya kamata a ce mun yi wannan dabara.

"Watanni?" Ta yi ɗan murmushi, ta mayar da ido taga. "Tun kana sakandare ne yana zafi."