Ranar da Baba Ya Kai Mu Zamiyar Ƙanƙara

Sanyin Guangzhou ba ya zuwa da fushi, amma yana ratsa ƙashi. A ɗan gidanmu na hawa na bakwai, bayan titin Huanshi Lu, babu murhu, sai wata hita mai jan ido da muke kewayewa bayan sallar magariba. Ina shekara goma sha biyu kakata Inna ta zo daga Kano. An ce mana jinya ta zo, ba a faɗa mana jinyar wa ba.

Baba shi ne autanta, yana da shagon tufafi a kasuwar Canaan. Giya ta kama shi ne a wajen cin abinci da masu masana'anta, inda ƙin karɓar kofi kan zama kamar raini. Tun yana kurɓa saboda ciniki har ya koma nemanta da ƙafarsa. Ya rantse wa Mama ya daina, amma da rana ta faɗi sai ka ga ya kasa zaune ya kasa tsaye.

A daidai lokacin Inna kan miƙe ƙafafunta da suka kumbura, ta ce, "Ku matso, ga ta nan ta iso ƙofa." Ni da ƙanwata Ummi mu ce ta shigo mu ji ta. Baba kuwa dole ya zauna, don shi ta ɗora wa matsa mata ƙafa.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai kogi ya ja ɗan wata tsohuwa, ita kuma ba ta iya ruwa ba. Sai ta bi gaɓa tana tafiya daidai da shi, tana kiran sunansa. Mutanen gari suka ce ta haƙura, ruwa ya ci. Ta ce, "Fito da shi ba zan iya ba, amma ba zai manta inda gaɓa take ba." Ƙafarta ta tsage, muryarta ta dushe. Sau da yawa a nan gyangyaɗi ke ɗauke Inna. In mun tambayi ƙarshen, sai ta ce, "Yau dai bai nutse ba."

Wata rana wayar Baba ta yi ƙara ana tsakiyar labari. Ya miƙe har ya sa takalmi. Inna ba ta ko ɗago ba.

"Auta, ban ƙarasa ba."

Ya daɗe riƙe da ƙofa, sannan ya dawo ya ɗauki ƙafarta.

Da ya cika wata huɗu bai sha ba, ya ce zai kai mu wani katafaren ɗaki a bayan gari inda ake zuba dusar ƙanƙara ana wasan zamiya. Inna ta ce ita ma sai ta je. Muka ɗora mata rigar sanyi ta haya a kan zanenta, ta zauna a benci kusa da shinge tana jan carbi. Aka ɗaura mana dogayen katakai a ƙafa, aka ba mu sanduna bibbiyu. Ni da Ummi muka iya da wuri. Baba kuwa faɗuwa yake ta yi, yana dariyar da na daɗe ban ji ba.

Ina kusa da shi wani abokin cinikinsa ɗan China ya gane shi. Suka gaisa, mutumin ya zaro 'yar kwalba daga aljihu, wai maganin sanyi, ya buɗe ya miƙa masa. Warin ya iso har inda nake.

"Shiye-shiye, lawban," Baba ya ce, wato na gode maigida, ya girgiza kai.

Ya kwance katakan a nan inda yake, ya taka har bencin Inna, ya zube a gefenta. Gumi yake a cikin wannan sanyi.

"Inna, ba ni tatsuniyar nan."

Ta fara, tururi na fita daga bakinta. Mama ta juya mana baya tana share ido da gefen mayafi. Ba wanda ya koma zamiya.

Da zan so in ce daga ranar ya warke. Ya sake faɗawa giya sau biyu, na biyun bayan Inna ta rasu a Kano. Ina yarinya haushin tsohuwar tatsuniyar nake ji, me ya hana ta neman igiya ko kwalekwale? Sai da aikin Inna ya dawo kaina na gane akwai ruwan da mutum shi kaɗai zai fito da kansa, na bakin gaɓa tafiya kawai ce tasa, kuma tafiyar tana cin rai. Wasu ranakun ina jin kamar in zauna a shagon Baba, da yanzu yake hannuna, har a kashe fitilun kasuwa.

Amma ƙarfe biyar na yi nake rufewa, don in isa gida kafin rana ta faɗi. Jiya wata mai saro kaya daga Maraɗi ta roƙe ni in ƙara mata minti goma ta gama zaɓe. Na ba ta haƙuri na ce ta dawo da safe, mahaifina na jirana.