Lemon Fasto

Duk sanda aka ɓare lemo kusa da ni, ko a tashar Daura ko a motar Kano, ƙanshin ɓawon sai ya mayar da ni ƙauyenmu kusa da Babban Mutum, shekarar da Babana ya kwanta ciwo.

Baba fataucin shanu yake yi zuwa Kudu. Ya dawo a rame, yana tari har da jini. Kaka, mahaifinsa, ya sa aka gyara masa bukka a ƙarshen gida, gefen hanyar kasuwa, aka ware masa kwano da moɗa. Da farko 'yan dubiya sun yi ta zuwa, daga baya sai a tsaya nesa a ce Allah ya ƙara sauƙi, a wuce. Innata ta tafi wankan gida Mashi, don haka ni ce mai kai kunu, ina yarinya ƙarama.

A bakin gari akwai cocin langa-langa inda ma'aikatan kan iyaka ke zuwa ranar Lahadi. Fastonsu Bahaushe ne kamar mu, kuma wannan ya fi komai tayar wa Kaka hankali. Da baƙon harshe ne, da an san inda za a ajiye shi. Wata rana faston ya jiyo tarin daga hanya, ya jingine kekensa, ya yi sallama. Tun daga nan kullum da hantsi sai ga shi da lemo a aljihu.

Ku da ba ku san Kaka ba, mutum ne da ko ɗansa ya auna masa gero sai ya sake awo. Ya hana a sha lemon, ya ce a jefa wa akuya, sannan ya yi ta kallon akuyar ko za ta sake hali. Ba guba yake tsoro ba. Tsoronsa ɗaya ne, kuma ya faɗa mini ƙarara: kada a lallaɓa ɗansa a raba shi da kalmar shahada a bakin kabari. Korar baƙon kuwa ta gagara, don Baba ya roƙa a bar masa shi, shi kaɗai ke shiga ya zauna.

Sai Kaka ya sa ni in riƙa kasa kunne. Ni ma na tsani mutumin, ina ganin ɓarawon uba ne. Amma abin da nake ji bai wuce hirar shanu da hanya da ruwan bana ba. Yakan juya Baba, ya zubar da gwangwanin kaki, ya wanke. In zai tafi sai ya rufe ido, leɓensa na motsi. Da na kai wa Kaka wannan, ya ce, "Kin gani ko? Da haka suke farawa."

Ran nan Kaka ya tare faston a bakin hanya.

"Malam, me kake nema a gidana?"

"Baba, aikin da aka kira ni in yi ke nan, in zauna da wanda mutane suka ja baya da shi."

"Wa ya kira ka? Mu dai ba mu aika ba."

Faston ya yi murmushi, ya ce Ubangiji ne. Kaka ya yi tsaki. Amsar ba ta rage wa Kaka zargi ba, ƙara masa ta yi.

Damina ta kankama, ana noman farko. Gari ya watse gona, matan gida sun tafi kai abinci, daga ni sai faston a bukka. Numfashin Baba ya canja, idonsa ya kafe a jinka. Na ce a raina yau ga ranar da mutumin nan yake jira, ba kowa sai yarinya.

Faston ya kama hannuna ya sa cikin na Baba. "Yarinya, ki yi ta faɗa masa abin da kuke faɗa, kada ki daina." Ya fita da gudu ya hau keke. Na ɗauka mutanensa ya tafi kira. Ina kuka, ina maimaita kalmar a kunnen Baba, ina duban ƙofa.

Sai ga shi ya dawo daga gona da Liman a bayan keken, da laka har gwiwa. Liman ya durƙusa ya laƙƙana, Baba ya amsa da 'yar muryar da ta rage masa, ya cika. Faston bai shigo ba. Yana tsaye gindin darbejiya yana haki, yayyafi na dukansa.

Yanzu a Daura nake aure. Cocin langa-langar ya zama na bulo, da katanga da maigadi, mu ma gidajenmu duk an sa ƙofar ƙarfe. Tari daga ciki ba ya kaiwa hanya, in ma ya kai, ban san wa zai jingine abin hawansa ba. Faston an canja masa gari tuntuni. Kaka har ya koma ga Allah yana cewa, "Mutumin nan akwai abin da yake so, ni dai ban gano ba." Nakan juya maganar ni ma.

Amma na ga abu ɗaya da idona. Ranar sadakar uku faston ya zo gaisuwa, ya zauna can ƙarshen tabarma, ya ajiye lemo. Da mutane suka ragu, Kaka ya ɗauki guda, ya juya shi, ya sunsuna, ya sake juyawa. Akuya ta matso kamar yadda ta saba. Ya kore ta da ƙafa, ya ce in miƙo masa wuƙa.