Baba Rafi'u da ƙwaron da aka yi wa ƙaryar gari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Safar 1388, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran maƙwabcinmu Baba Rafi'u Bawa a ɗakinsa na unguwar Ammariyya, nan Jidda, bayan wata uku yana fama da tari.

Baba, shekara goma sha ɗaya ka yi kana bin Baturen yaƙi da fara, kana ɗauke da raga da kwalabe. Shi yana inuwar mota, kai kana cikin ƙaya. A wani kwazazzabo a kan dutse can bayan Ɗa'ifa ka kama ƙwaron nan mai laɓewa cikin fure, shiru kamar ba rai, sai ƙudan zuma ya sauka ya cafke shi da hannu biyu. Guda bakwai ka soke da allura, aka kai su gidan ajiyar ƙwari a ƙasar Baturen.

Ni na jawo maka baƙin cikin. Kai kake tsinto mini tsofaffin jaridu a tashar jiragen ruwa har na iya karatu, ba ka taɓa cewa na cika surutu ba. Da karatun nan na ci karo da littafin masu gidan ajiyar wajen mai gwanjo a unguwar Bagdadiyya, na karanta maka: wai ƙwaron a Jidda aka same shi. Wai don daga Jidda akwatin ya shiga jirgi! Har taswira suka zana, suka ɗiga masa ɗigo a bakin teku. Kai kuwa ko ɗigon ba ka samu ba.

Na yi ta zagi. Ka ce, "Halas, ya isa haka, ya waladi, ɗana, bar batun sunana. Ƙwaron aka yi wa ƙarya. Zafin garin nan zai kashe shi kafin azahar. Yalla, tashi mu hau dutsen in nuna maka wurin."

Na ce sai na gama da su tukuna. Wasiƙa huɗu na aika, kowacce ta fi ta baya zafi. Sau uku kana ɗaure guzuri, matarka Inna Mastura tana kwancewa.

Amsarsu ta iso ciwo ya riga ya rufe maka baki. Layi biyu ne: in aiko da sunan wurin da nisansa, za su gyara. Na tsaya a kanka da takardar ina tambaya, kana kallona. Ban san wurin ba, Baba. Duk Jidda ba wanda ya sani.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya sa Aljanna ce makoma. Inna Mastura, da ku 'ya'yansa Othman da Abdulghaffar, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ni kuma ku roƙa mini gafara.