Ranar da Tsohuwar Ordinata Ta Kai Huɗuba

Ba ni da injin raba wifi irin na kanti. Tsohuwar ordinata ce, wato kwamfuta, na samo a Damagaram, na sa mata katin rezo, wato na netwok, guda biyu, na mayar da ita mai raba intanet a shagona da ke jikin gidanmu a Matamaye. Fankarta na gurnani kamar injin markaɗe, amma wallahi ina ji da ita.

Aikinta ɗaya ne. Duk abin da aka aika, murya ko hoto, a yanke yake zuwa ƙunshi-ƙunshi. Ita ce ke duba adireshin kowane ƙunshi ta tura shi hanyarsa. Matsalarta, duk wanda ya iso sai ta ajiye abin da take yi ta je ta amsa masa sallama. Manyan ƙunshin fim ba sa damunta. Kiran murya ne ajalinta, don ƙunshinsa ƙanana ne, ga yawa.

To, wata safiya Yayata ta haihu a gidanmu, namiji. Mijinta yana ci-rani a Legas, ya rantse ba mai yi wa ɗansa na fari huɗuba sai shi. A kara waya a kunnen jariri, ya yi kiran salla, ya raɗa masa suna. Kawunmu ya ce zai jira zuwa azahar, in ba a yi ba shi zai yi.

Sai ga 'yan barka, har daga Kurni da Tsauni. Kowace ta shigo, “Ina ɗan wifi? Sa mini lambar.” Kusan duk mazansu suna Najeriya, kowace sai ta kira nata ta ba shi labari. Ordinata ta shaƙe. Mai jego ta kira mijinta, fuskarsa ta daskare baki buɗe, muryar na zuwa guntu-guntu.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Inna, bari in canja lambar in sauke su duka.”

“A gidana za ka kori baƙi? Mata sun tako ƙafa sun zo barka? Kul!”

Na koma shago ina ƙunƙuni. Da ma na daɗe ina karanta wata dabara, tsoron taɓa tsohuwar ke hana ni. Maimakon ta riƙa amsa sallamar kowane ƙunshi, a sa ita ta riƙa leƙawa da kanta, ta kwaso duk abin da ya taru a tashi ɗaya, ta duba su tare, ta tura. Amma kada ta tsaya jiran lodi ya cika irin motar tasha, in ba haka ba murya ta makara.

Na gyara, na kashe ta, na kunna. Shiru. Daga cikin gida mata suka ɗau ihu, “Ya ɗauke! Ɗan wifi, ya ɗauke!” Ga kawu a zaure ya fara neman buta. Na dafa ordinatar na ce, “Haba tsohuwa, kar ki kunyata ni yau.”

Ta yi tari, ta tashi. Kai! Ƙunshi na wucewa ba layi, kuma ban sauke ko mutum ɗaya ba. Na ƙi matsawa daga gabanta, ina tsaron kada ta sake shaƙewa. Can na ji gidan ya yi tsit, sai kuma guɗa.

Na shiga. Yaya na riƙe da wayar tana hawaye tana dariya. Ta ce kiran sallar ya iso cif, ko harafi bai yanke ba.

Na ce, “To wane suna ya raɗa masa?”

Daga cikin wayar mijinta ya ce, “Naka mana, mai baƙar zuciya. Ka ga dalilin da na ce sai ni. Da kawu ne, nasa zai sa.”

Kafin in rama, Inna ta ɗora mini takwarana a hannu ta ce, “Allah ya raya, Allah ya sa kar ya ɗauko halin korar baƙi.”