Jinkar da saniya ta ci

Shekarar da kogi ya janye har mutane suna ratsa shi da ƙafa, soja na kan mulki, ni kuma ina da ɗaki biyu na laka a gefen unguwar Yantala, da saniya guda. Da hannuna na yi tubalin ɗakunan. Saniyar kuwa ita kaɗai na taho da ita daga ƙauyenmu na wajen Maraɗi, nononta yarana ke sha.

Ciyawa ta ƙare ƙarƙaf. Ko bambaron shinkafar fadamar Saga sai mai hali. Sai na yi abin da na ga iyayenmu suna yi a irin wannan shekara: na hau na kwance jinkar ɗakunan, ina jiƙa ta da ruwan kanwa ina ba saniyar kaɗan-kaɗan. Ai ba hadari a sama balle mu ji tsoron jiƙewa.

Maƙwabcina wani tsoho ne Bazabarme, abokin wasana tunda ni Bagobiri ne. Ya leƙo ta kan darni ya ce, "Bagobiri, yau ta ci rufi, gobe ƙofa za ka ba ta?"

Na ce, "Bawana, in ta gama da ƙofar, kai ne na gaba."

A kwanakin nan wani ƙaramin jirgin sama ya yi ta shawagi bisa unguwa, ya tafi ya dawo kamar mai huɗa. Ba wanda ya gaya mana abin da yake yi, kuma a zamanin ba a tambaya.

Saniyar ba ta ga damina ba. Da ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, na yi sabuwar jinka. Bayan kaka sai ga ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, da soja biyu. Suka shimfiɗa wani babban hoto a ƙofar mai unguwa, ashe jirgin ne ya ɗauka, da taswira mai jajayen layuka. Suka ce gudro da kanibo, wato titin kwalta da magudanar ruwa, za su bi ta kanmu. Duk wanda gidansa ya fito a hoton za a ba shi fili a wani wuri.

Na matsa na nuna inda gidana yake. Wani ma'aikaci ya aza yatsa kan wasu zobba biyu masu baƙin ciki kamar bakin tulu. Ya ce, "Malam, nan kake nufi? Nan kufai ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaga kai ka duba. Ga jinka can, ga yara a ƙofa."

"Na gani. Amma hoto aka ce in bi."

Tsohon maƙwabcina ya matso da sandarsa ya ce, "Yaro, saniya ce ta cinye rufin. Ni shaida ne, har gori na yi masa."

Aka tuntsire da dariya, har da sojan. Ma'aikacin ya naɗe takardarsa ya ce, "Baba, saniya ba ta cikin taswira."

Tsohon, da yake ruɓaɓɓen kwano ne a kan ɗakinsa, ya samu fili. Ni na yi ta sintiri zuwa meri har masu gadi suka san tarina. Kullum amsa ɗaya: a dawo. Katafila kam ba ta ce a dawo ba. Tun daga ranar haya muke yi.

Bara, bayan na fara zuwa ajin manya na yaƙi da jahilci, na sake komawa, ina ganin ko wanda ya iya rubuta sunansa za a saurare shi. Yanzu taswirar tana cikin na'ura. Wata yarinya mai kirki ta buɗe mini taswirar garin ta yanzu, ta janye ta, tsohon hoton ya fito a ƙarƙashi. Zobban nan biyu suna nan, sama a buɗe. Ta ce ba a gyara abin da aka riga aka shigar.

Abin da ya tafi: saniya ɗaya, ɗaki biyu, dalbejiyar da matata ta shuka, maƙwabcin da ban sake samun irinsa ba, da gindin bangon da muka binne cibiyar yarana uku. Motoci ke bi ta kai.