Kaset Mai Lamba Goma Sha Huɗu

A gidan talabijin ɗin da na shekara ashirin da shida ina buga wa masu karanta labarai takardunsu, akwai wani mutum da ko mai gadi sai ya yi tunani kafin ya tuna fuskarsa. Mai Kaset muke ce masa. Ɗakinsa a ƙarƙashin matakala yake, babu taga, sai fanka mai kukan tsohuwar akuya da kanta uku na ƙarfe na jera kaset. In ka ga mutum ya sauka can, to banɗaki yake nema ya ɓata hanya.

Aikinsa gogewa. Kaset talatin ne ke yawo a gidan. Masu kyamara su fita su ciko su, Edita ya tsinci abin da yake so, a sauko wa Mai Kaset da su ya goge, a sake fita da su. Wanda Edita ya manna wa jar takarda ne kaɗai ke tsira ya hau kanta, a fito da sabo a madadinsa daga kabad ɗin da Edita ke yawo da makullinsa a aljihu. Jar takarda kuwa sai labari na gaske, wato inda wani mai tumbi ya yanke zare da almakashi, ko inda wani abu ya kama da wuta.

Ba wanda ya ce ya kalli abin da zai goge. Shi ya ɗora wa kansa. Duk tarkacen da aka yar sai ya gani: tsohon da ya ci gaba da bayani bayan ɗan jarida ya juya baya, matar da ta gyara ɗankwali sau uku sannan aka ce ba ita ake so ba. Nakan leƙa in ce, "Angon kaset, yau wa aka kashe?" Ya ce, "Yaya, mutum tara, har da wani mai gyaran takalmi da ya fi Edita iya magana." Iyakar hirarsa ke nan, kuma da ni kaɗai.

Matarsa tela ce, mace mai baki, irina. 'Yarsu ɗaya, tana aure a nesa. Wata damina matar ta kwanta kwana biyar, ta tafi. Bayan sati biyu ya dawo aiki da riga ba guga, ya ci gaba da gogewa.

Wata huɗu da rasuwar, direba yana share mota ya tsinci kaset mai lamba goma sha huɗu a ƙarƙashin kujera. An daɗe ana nemansa. Aka sauko da shi da safe, aka ce ƙarfe huɗu na yamma za a fita da shi buɗe sabuwar ƙofar wata hukuma. Mai Kaset ya saka shi a inji kamar kullum. Jin ra'ayin jama'a ne a kasuwa kan tsadar kananzir. Mutum na biyar da aka tare, matarsa ce.

Ta ƙura wa tambarin kyamara ido, ta ce, "Au, ku ne na wurin maigidana? To ku ce masa ya bar laimarsa a bayan ƙofa, ga hadari ya haɗo. In ya jiƙe kada ya zo yana cika min kunne da tari." Ɗan jarida ya ce, "Mama, kananzir fa?" Ta ce, "Yana nan da tsadarsa, ai kun sani," ta yi dariya ta wuce. Daƙiƙa goma sha tara. Ba wanda ya isar masa da saƙon. Hotonta ɗaya yake da shi a gida, shi ma ta rufe ido. Muryarta kuwa babu ita a ko'ina sai a nan.

Ran nan na fara ganinsa a bene. Ya tsaya gaban teburin Edita da kaset a ƙirji, ni ina gefe ina buga kanun labarai.

"Yallaɓai, jar takarda nake roƙo."

Edita bai ɗago ba. "Me ya faru a ciki?"

"Matata ce ta yi magana."

"Me ta ce kan kananzir?"

"Cewa ta yi na manta laima."

Sai a nan Edita ya aje biro. Ba mugu ba ne, tsoron gobe ne ya yi masa yawa. Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Amma ka fi kowa sanin ƙa'ida, Malam. Wannan ba labari ba ne. In na manna ja a kan laima, gobe kowa ya kawo min nasa, kabad ya ƙare."

Na ce, "Yallaɓai, jiya minti huɗu ka ba mutumin da ya dasa bishiya ɗaya, ƙarti shida na riƙe masa butar ruwa."

"Shugaban hukuma ne, Yaya."

"Bishiyar ta sani?"

Bai yi dariya ba. Na ce to a kwafa masa. Aka tuna min injin kwafa ya shekara a wurin gyara, bidiyon da ake kallo a gidaje kuma ba ya cin irin wannan kaset. Mai Kaset ya ce, "Na gode, Yallaɓai," ya sauka. Na so ya yi faɗa, amma bai taɓa koya ba.

Ƙarfe uku ya dawo bakin ƙofarmu. "Yaya, ki zo ki gani. Ba na so a ce ni kaɗai na gani."

Sau huɗu muka kalla. A na uku na ce, "Ka ga yadda ta harari ɗan jaridar nan? Da ita aka ba kujerar Edita." Ya yi murmushi, bai ɗauke ido daga allo ba. Na ce ya sa shi a aljihu ya ce ya sake ɓata, ni shaida ce. Ya girgiza kai. Shekara ashirin kaset bai taɓa ɓata a hannunsa ba, kuma ya san direba za a kama. Huɗu saura kwata mai kyamara ya ƙwanƙwasa. Mai Kaset ya ce a ba shi minti biyu. Da yatsansa ya danna maɓallin gogewa.

Yanzu duk mun yi ritaya. Yana zaune a ɗaki ɗaya a bayan wani shagon walda, keken ɗinkin matarsa a lulluɓe a lungu. Nakan je duk sati biyu, in gwiwa ta yarda. Mu gaisa, in zagi shayinsa, sannan ya gyara zama.

"Yaya, dariyar ta riga 'ai kun sani' ko bayanta ta zo?"

"Bayanta, tsoho. Sau nawa zan faɗa?"

"Ɗankwalin fa?"

Gaskiya ni ban riƙe ɗankwali ba, bakinta nake kallo. Tun farko na ce shuɗi, na zauna a kai. Watan jiya bakina ya suɓuce na ce kore. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Da kin ce shuɗi."

Na ce, "Shuɗi ne. Gwada ka nake."

Ya gyaɗa kai, ya ƙara min shayi. Da zan tafi ya rako ni har titi, ya ce kada in wuce sati biyu.